Mazaunin Kek Mai Hawa Uku: Yadda Uwargida Za Ta Haɗa Nata a Gida

Da kaka ta yi a ƙasar Danja, aka kai masara da dawa rumbu, masu rake suka fara dafa mazarƙwaila, 'yan lambu suka duƙufa kan tumatir, sai bukukuwa su kankama. Daga Dabai zuwa Tandama, daga Kahutu zuwa cikin garin Danja, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure ko an raɗa suna ko an yi walimar saukar Alƙur'ani ba. A 'yan shekarun nan ƙananan kek, irin waɗanda ake gasawa a gwangwani ko a 'yan kofunan takarda, sun samu gurbi kusa da alkaki da dubulan da cincin. Mata da yawa sun ƙware a kwaɓi da gashi, har masu gasawa a tukunya da yashi a kan gawayi. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen ajiye kek ɗin a gaban baƙi: a zube shi a babban tire, wani kan wani, adon samansa ya lalace, na ƙasa ya lotse. Maganin wannan shi ne mazauni mai hawa-hawa, kuma ra'ayina shi ne uwargida ta haɗa nata da kayan da ke garinmu. Abu biyu ne ke sa mazauni ya amsa sunansa, ya tsaya daram kuma ya kasance da tsabta, kuma duka biyun sun fi samuwa ga wadda ta auna ta haɗa da kanta fiye da wadda ta saya a rufe cikin kwali.

Akwai masu cewa wannan kwaikwayon Turawa ne, ba mu gaje shi ba. Gaskiya ne ƙaramin kek baƙo ne. Tun a 1796 Amelia Simmons ta rubuta yadda ake gasa kek a ƙananan kofuna cikin littafin girkin da ta wallafa a Amurka, kuma faranti mai hawa ya yi suna ne a Ingila tare da al'adar shan shayin la'asar da ta yaɗu daga wajajen 1840. Amma ɗora ƙarami a kan babba don ido ya ƙoshi, wannan kam Bahaushiya ba ta koye shi daga kowa ba. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya bayan jere ya ga yadda iyayenmu mata ke tsara ƙorai da tasoshi, daga baya kuma langa da samira da fanteka, babba a ƙasa, mai bi masa a kai, har zuwa ɗan autansu a ƙololuwa. Hannun da ya iya wannan jeren ya riga ya san dokar da mazaunin kek ke tsaye a kanta. Kuma amfaninsa bai tsaya ga ƙawa ba. Tire mai faɗin inci 16 yana ɗaukar kek kimanin 21 idan ba a ɗora wani kan wani ba, alhali mazauni mai hawa uku da ya ci wannan filin a kan tebur yana ɗaukar sama da 30. A tsakar gidan da mata suka cika, kowane taku yana da daraja.

Tun ran gini tun ran zane, don haka aikin yana farawa da awo kafin a taɓa zarto. Ƙaramin kek na yau da kullum gindinsa kusan inci 2 ne, samansa kuma ya doshi inci 3, saboda haka ki ba kowane ɗaya filin inci 3. Daga nan lissafin ya zo da sauƙi: ki cire uku daga faɗin kowane faranti, abin da ya rage shi ne kusan adadin kek da za su zagaye bakinsa. Farantin ƙasa mai inci 16 zai ɗauki 13 a zoben waje, ya ƙara 7 a zobe na ciki. Na tsakiya mai inci 12 zai ɗauki 9. Na sama mai inci 8 zai ɗauki huɗu a sake, biyar a matse. Jimilla 33 ke nan idan an sa huɗu a sama, nauyinsu kuma bai wuce kilo biyu da wani abu ba. Tsakanin hawa da hawa ki bar inci 5 idan kek ɗin yana da kirim a kansa, ko inci 4 idan babu, domin hannu ya shiga ya ɗauko ba tare da ya shafi na sama ba. Da wannan awon tsayin mazaunin gaba ɗaya zai tsaya wajen inci 12, ƙasa da faɗin gindinsa. Wannan ita ce ƙa'idar da ba a karya ta: kada tsayi ya wuce faɗin gindi, kuma kada nauyin sama ya fi na ƙasa. Rumbun da aka yi wa ƙaramin gindi ba ya ganin damina biyu, haka ma mazaunin kek. Wadda take son hawa na huɗu sai ta faɗaɗa farantin ƙasa, ko kuma, abin da ya fi, ta haɗa mazauni biyu masu hawa uku.

Hanyar da ta fi ƙarko ita ce ta katako, kuma kowane kafinta a Danja ko Bakori ko Funtuwa zai iya yanka miki shi. Ba sai kin sayi filawud sukutum ba. Ki nemi guntayen da suka rage masa daga aikin kabad ko gado. Farantin ƙasa ya zama mai kauri, kashi uku cikin huɗu na inci, na tsakiya da na sama kuma rabin inci ya wadatar. Kaurin na ƙasa da gangan ne, don nauyinsa shi ke riƙe sauran. Wajen zana da'ira, a kafa ƙusa a tsakiya, a ɗaura mata zare, a ɗaura fensir a ɗaya bakin daidai rabin faɗin da ake so, a ja shi ya zagaye. Ramin ƙusar nan shi ne cibiyar farantin, kada a bari ya ɓace, domin a nan za a huda. Idan hudar ta goce ko da rabin inci ne, farantin zai rinjaya gefe guda duk ƙarfin ɗaurin da aka yi masa. Abin da zai ratsa farantan uku ya haɗe su shi ne dogon ƙarfe mai zare, mai kaurin milimita 8 da tsayin inci 13, tare da noti da wosha a sama da ƙasa. Masu sayar da kayan gini suna da shi. Ki ce wa kafintan, “Malam, a rarake ƙarƙashin farantin ƙasa yadda noti zai nutse a ciki,” don mazaunin ya kwanta lif a kan tebur ba tare da ya yi rawa a kan noti ba.

Ginshiƙan da ke raba hawa da hawa za a iya yanko su daga sabon fayif ɗin ruwa mai faɗin inci 3, ko daga guntun katako da aka huda ta tsakiya. Faɗin ginshiƙi yana da muhimmanci, don siriri yana barin faranti ya yi lilo idan aka ɗauke kek daga gefe guda, wanda ya wuce inci 4 kuma yana cinye filin zoben ciki. Dole bakin kowane ginshiƙi ya yanku a miƙe. Hanyar gane layin yanka ita ce a naɗe fayif ɗin da takarda mai miƙaƙƙen baki har bakin ya haɗu da kansa, a bi shi da fensir. Don kada fayif ya zame daga tsakiya, kafinta ya yanko 'yan ƙananan da'irori daidai cikin fayif ɗin, ya liƙa su da gam ɗin katako a cibiyar farantan, ginshiƙin ya riƙa shiga kansu kamar murfi. Bayan haka sai a bi komai da samfefa, musamman bakin filawud inda sartse ke ɓuya. Haɗawar kuwa ba ta da wuya: ƙarfe ya shiga farantin ƙasa, a zura ginshiƙi, a ɗora na tsakiya, a zura ginshiƙi na biyu, a ɗora na sama, a sa wosha a ɗaure noti har sai komai ya daina motsi. A rufe notin sama da ɗan mariƙin ƙofar kabad ko dunƙulen katako da aka rarake. Kada a sa gam tsakanin faranti da ginshiƙi, domin falalar wannan tsari ita ce ana kwance shi a wanke, a adana shi a kwance, a kai shi gidan biki a cikin jaka.

Wadda ba ta son zuwa wurin kafinta tana da hanya ta biyu a cikin ɗakin girkinta: faranti uku masu bambancin girma da kofuna biyu masu ƙarfi. Na silba sun fi na tangaran dacewa da gidan da yara ke kai-kawo, don ba sa fashewa. A nemo cibiyar faranti ta hanyar kifa shi a kan takarda, a zana bakinsa, a yanke, a ninke takardar gida biyu a sake ninkewa. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Kofi ana kifa shi ne, bakinsa mai faɗi a ƙasa, gindinsa ya ɗauki farantin sama. A goge wuraren da za su haɗu da samfefa don su yi kaushi, a wanke maiƙo a bari su bushe sarai, sannan a liƙa da gam mai kwaɓi biyu irin su Araldite, a ɗora wani abu mai nauyi a kai, a bar shi kwana guda cur. Gam ɗin kyandir da ake narkarwa da 'yar bindiga yana da saurin kamawa, amma ba ya riƙe abu mai santsi sosai, kuma yana saki idan ya sha zafin rana. Hanya ta uku ta biki guda ce: kwali da gwangwani. A yanka da'ira uku-uku ga kowane hawa, a liƙa su yadda layukan cikin kwalin za su gitta juna, don a nan ƙarfinsa yake. Gwangwanin madarar gari shi ne ginshiƙi. Na ƙasa a cika shi da busasshen yashi a rufe, na sama a bar shi fanko ko a sa masa kaɗan. A naɗe kowane faranti da takardar aluminiyam ko farar takarda mai tsabta kafin a haɗa.

A nan ne batun tsabta ya shigo, kuma a yankin manoma irin namu yana da fuskar da ba a cika faɗa ba. Kwalin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko maganin ciyawa, da gwangwani ko robar da aka taɓa zuba su, da buhun taki, ba su da gurbi kusa da abinci ko da an wanke su sau nawa. Gidajen masu lambu cike suke da irin waɗannan, kuma su ne suka fi kusa da hannu ranar da ake sauri. A nemi kwalin taliya ko na biskit ko na madara. Haka nan katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai bai dace ba. Fenti ma abin lura ne, domin wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutar da jiki, yara ƙanana ne kuma suka fi shan wahalarta. Mutanen Arewa ba su manta da abin da gubar dalma daga haƙar zinare ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba. Saboda haka in za a yi fenti, a tsaya ga ginshiƙai da ƙarƙashin farantai, a bar shi ya bushe kwanaki har warinsa ya fita, saman da abinci zai hau kuwa a rufe shi. Jarida ba abin shimfiɗa ba ce, tawadarta tana narkewa cikin maiƙo. Tsohon kwanon da fentinsa ya ɓantare ya fara tsatsa ma a bar shi.

Abin da ya fi kyau a rufe saman katako da shi yana nan a kasuwanninmu, wato faifai. Faifan da mata ke saƙawa suna zuwa girma-girma, da zane da launin da babu robar da za ta kamo su, kuma da yake daga tsakiya ake fara saƙar ana zagayawa, cibiyarsa a bayyane take, ba sai an nema ba. Dabara ita ce a fara sayen faya-fayan guda uku, sannan kafinta ya yanka katako daidai da su. A buɗa 'yar kafa a cibiyar, a ɗinke bakinta da zare don kada saƙar ta warware, a shimfiɗa faifan a kan katako kafin a zura ginshiƙi. Faifai shi kaɗai ba zai ɗauki nauyi ba, zai lanƙwashe, sai da katako a ƙarƙashinsa. Kek da ke cikin kofin takarda yana iya hawa kai tsaye. Alkaki kuwa da duk abin da ke da zuma ko ruwan sukari ko mai, sai an sa farar takarda ko ɗan faranti a tsakani, domin rinin saƙar yana iya zuba idan ya jiƙe. Da haka kuɗin ado ya shiga hannun wata mai sana'a a unguwa, baƙo kuma da ya kalli teburin ya san a ƙasar Hausa yake.

Kafin ranar biki, a gwada. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: a ɗora mazaunin a kan tebur, a ja da baya a duba ko wani hawa ya karkata. A zuba ruwa a ɗan faranti a ɗora a sama, idan ruwan ya taru gefe guda to akwai gyara, galibi a bakin ginshiƙi. Sannan a jera tumatir ko albasa matsakaita a madadin kek, a kwashe na gefe ɗaya gaba ɗaya a bar ɗaya gefen, don haka baƙi ke yi, kowa na gabansa yake ɗauka. A bugi ƙafar teburin kamar yadda yaro zai buge ta da gudu. Mazaunin da ya tsallake wannan ya cancanci kek. Ranar bikin a haɗa shi a inda zai zauna, kada a ɗauko shi da kaya a kai. A fara jeri daga hawan ƙasa, daga ciki zuwa waje, ana sa ɗaya nan ɗaya a ɗaya gefen. Masu nauyi irin su alkaki da dubulan da manyan kek su zauna ƙasa, masu sauƙi irin su cincin a 'yan kofuna, da gullisuwa, da kantu, da dabino, da 'yan yankan mazarƙwaila su hau sama.

Wata za ta ce, me ya sa za a sha wannan wahala alhali akwai na roba a kasuwar Funtuwa ko Zariya ko Sabon Garin Kano? Akwai masu kyau a cikinsu, kuma wadda ta samu mai ƙarfi a farashin da take iyawa ba ta yi laifi ba. Sai dai araha ba ta ado. Da yawa daga masu arahar sandarsu siririya ce, farantansu marasa nauyi, faɗinsu kuma bai kai na ƙasa da muka auna ba, don haka kaɗan suke ɗauka, kuma idan zaren sandar ya cinye ko faranti ya tsage, shi ke nan sai bola. Na katako kuwa idan noti ya ɓata a sayi wani, idan faranti ya lalace a yanko madadinsa. Ga kuma kuɗin mota zuwa birni da dawowa, wanda sau da yawa ba a sa shi a lissafi. Ita ma mai cewa aikin ya yi yawa don wuni guda, amsarta ita ce ba na wuni guda ba ne. Gidan da ya aurar bana zai yi suna baɗi, ga Ƙaramar Salla da Babba, ga maƙwabta da dangi masu aro. Mai sana'ar kek kuma tana iya haɗa biyu ko uku ta riƙa bayarwa haya tare da kayanta.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na ƙura da ƙuda. Lokacin da bukukuwa suka fi yawa shi ne lokacin hunturu, iska na ɗauke da ƙura, kuma abin zaƙi a buɗe gayyata ce ga ƙuda da kiyashi. Masu cewa gara a ƙulla wa kowa nasa a leda suna da hujja, kuma ga taron ɗaruruwan mutane a fili wannan ita ce hanyar da ta dace. Mazauni na teburin amarya ne, ko ɗakin mai jego, ko falon da aka sauki baƙi na musamman. Ko a nan ɗin, sai an kiyaye: a ajiye shi a inuwa nesa da ƙofa da wurin da ake shara ko fifita wuta, a lulluɓe shi da yadin net mai laushi wanda ya sauko har kan tebur, mariƙin saman nan ya ɗage yadin daga kan kek. A sa ƙafafun teburin cikin 'yan kwanonin ruwa, kiyashi ba zai hau ba. A jera kayan dab da shigowar baƙi, a riƙa ƙarowa daga rufaffen mazubi maimakon a fito da komai lokaci guda. A bazara, watan Maris da Afrilu, kirim ɗin bota yana narkewa tun zafi bai kai awo 35 ba, don haka a lokacin gara kek marar kirim, ko a jinkirta adon har lokacin ci. A ajiye cokali mai kama abu ko 'yar takarda a gefe don hannu ya taɓa abin da zai ɗauka kaɗai.

Bayan an watse, a kwance noti, a karkaɗe faya-fayan a shanya su a inuwa, a goge katako da tsumma mai ɗanshi a bari ya bushe sosai, kada a jiƙa filawud cikin ruwa domin yana kumbura ya ɓare. A haɗa ƙarfen da notuna da wosha cikin 'yar jaka a ɗaure ta jikin farantan, a ajiye su a kwance a wurin da lema da gara ba sa kaiwa. Wadda za ta fara, ta fara da na kwali a wani ƙaramin taro don hannunta ya saba da awon, sannan ta kai wa kafinta lambobin nan uku, 16 da 12 da 8, tun kafin kaka ta zo ya cika da aikin gadajen amare.